Za a Kawo Shi Gida

Bayan Dutse, Zuru
14 ga Agusta, 2005

Zuwa ga ƙanen mijina Ɗanjuma,

Gaisuwa cikin sunan Yesu mai cetonmu. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya a can Sudan, kai da abokan aikinka. Mu nan da sauƙi. Ƙafata da ta kumbura ta saɓe. Ruwa yana sauka sosai, dawar da yayanka Mika ya shuka kafin macijin nan ya sare shi ta kai mini ƙirji. Ni nake nome ta. Wani lokaci in na kai ƙarshen kunya sai in juya in ce ya miƙo mini gora, sannan in tuna.

Saƙon ta'aziyyarka ya iso ta hannun Fasto. Ban yi fushi da rashin zuwanka jana'iza ba, na san soja ba shi da ikon kansa.

Abin da ya sa na rubuto, maganar waƙar gidanku ce. Ka san dokar, amma zan maimaita maka, domin ka daɗe a bariki, kanka ya cika da fareti. Ranar Kirsimeti da safe Mama Magdalene, shugabar zumuntar mata, za ta tsaya a ƙofar majami'a ta kira gida gida. Kowane gida da waƙarsa ta haihuwar Yesu da yarenmu, da ƙwaryar da ake kaɗa mata. Jinin gidan ne kaɗai yake ɗaga waƙar, in ya ɗaga sai kowa ya kama. In aka kira babu wanda ya ɗaga, a nan take za a fasa ƙwaryar, ba a ƙara yin waƙar, ko a gona ko a bakin murhu.

Ɗanjuma, Allah bai bar mana ɗa ko ɗaya ba ni da Mika. Kai kaɗai ka rage.

Ina nan ranar da aka fasa ta gidan su Adama, da ɗansu na ƙarshe ya tafi Legas bai dawo ba. Waƙar makiyaya ce, mai daɗi, ana tsalle a cikinta. Har yau in Kirsimeti ya zo bakina yakan yi ƙaiƙayi, amma rabinta ya riga ya fita daga kaina. Yaran ƙungiyar mawaƙa ba su ma san an taɓa yin ta ba, su dai a ba su ganga da waƙar Turanci.

Na ce da Mama Magdalene ko za ka yi a kaset ka aiko. Ta ce kaset ba jini ba ne. Na ce to a rubuta ta mana. Ta ce wa ya iya rubuta Dakarci a cikinmu, kuma ko an rubuta, takarda ta san inda ake jan numfashi?

Ka nemi hutu tun yanzu. Na binne yayanka sau ɗaya, ba na jin zan iya tsayawa a sake binne shi a ƙofar majami'a.

Ni ce matar yayanka,
Saloma

*

Darfur, Sudan
9 ga Satumba, 2005

Matarmu Saloma,

Na gaishe ki da sunan Ubangiji. Ina lafiya, sai zafi da wake. Kullum wake. In na dawo kika dafa mini wake, zan kai ƙararki wurin dattawa.

Kin ce kaina ya cika da fareti. Ni da na bi Mika aikin golmo, noman neman aure, a gonar babanki tun ina ƙarami, har hannuna ya yi kanta domin a ba mu ke, yau ni za ki koya wa dokar gida? Ki kwantar da ranki. An ce za a canja mu kafin ƙarshen Nuwamba. Zan tsaya Kaduna in ga matata Theresa, kin san tana da ciki, daga nan sai gida.

Waƙar ba ta bar ni ba. A nan ma na fi jin ta. Muna gadin wani sansani na mutanen da aka ƙone wa garuruwa. Rannan muna wucewa da mota na ga wata mata a bakin bukka, da ta hango kakinmu sai ta danna kan jaririnta a ƙirji don kada ya yi kuka. Ba ta san mu masu tsaronta ba ne. Na tuna Maryamu a waƙarmu, tana ɓoye Yesu daga sojojin Hiridus. Yinin ranar ban iya cin abinci ba.

Kin tuna Inna takan kira ni sojan Hiridus bayan na shiga aiki? Kuma ni ne kullum nake ɓata farkon waƙar. Wurin nan da ake yi da baki rufe, ana jijjiga jariri kafin a fara magana, ni sai in yi sauri in buɗe baki. Inna ta matse mini leɓe da yatsu ta ce, "Ba yanzu ba, mai gaggawa, sojojin ba su wuce ba." Mika yana gefe yana dariya har da hawaye.

Ki wanke ƙwarya ki ajiye. Ina zuwa.

Mijinki ƙarami,
Ɗanjuma

*

Bayan Dutse, Zuru
20 ga Oktoba, 2005

Ɗanjuma,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Muna lafiya, dawa ta fitar da kai. Kai fa?

Rediyo ta ce an yi wa sojojinmu kwanton ɓauna a Darfur, wasu sun mutu. Ba ta faɗi suna ba. Ka san garinmu, da wuya ka sami gidan da babu soja. Tun ranar mata suke zuwa gidan Fasto su zauna. In aka ji ƙarar mota daga hanyar Zuru sai daka ya tsaya a dukan unguwa, kowa da taɓarya a hannu, har sai motar ta wuce.

Na je Zuru wurin masu wayar kuɗi, amma ba ni da lambar kowa. Yaron ya ce, "Mama, Sudan ba gida ɗaya ba ce." Na dawo.

Takardarka tana cikin Littafina Mai Tsarki. Na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Na wanke ƙwarya kamar yadda ka ce. Ina yin waƙar in ina niƙa domin kada ta gudu, amma shekaranjiya na kai wurin da waƙar ta ambaci jaki sai maganar ta ɓace mini. Na tsaya riƙe da dutse. Sai da yamma ta dawo. In ta sake tafiya ba ta dawo ba, wa zan tambaya?

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Ko sunanka kawai.

Ka dawo da ƙafarka, Ɗanjuma. Ka san a nan ba mu cewa an kawo soja sai in a akwati yake. Ka dawo. Kada a kawo ka.

Saloma

*

Barikin soja, Kaduna
22 ga Nuwamba, 2005

Yaya Saloma,

Ina gaisuwa. Ni ce Theresa matar Ɗanjuma. Ki yi haƙuri, ban saba rubuta Hausa ba.

An kira ni ofis. Abin da ya faru a Sudan ya shafe shi. Na je na gan shi. Na yi kuka sosai. Bakinsa ya rufe. Sun ce za a kawo shi gida kafin Kirsimeti. Ni ba zan iya bin su ba saboda cikina ya tsufa. Don Allah ku shirya masa wuri.

Ku yi mana addu'a.

Theresa

*

Bayan Dutse, Zuru
2 ga Disamba, 2005

Ƙanwata Theresa,

Ubangiji mai ta'aziyya ya riƙe ki, ya riƙe abin da ke cikinki. Ina fata kina cin abinci ko ba kya so. Ni ma na sha wannan ruwan a farkon damina, na san yadda tuwo yake tsayawa a wuya. Ki ci saboda yaron.

Direban da ya kawo takardarki ya same ni a masussuka. Na karanta a tsaye, sai na ga kaina a zaune a kan dawa. Mata suka kama ni. Ban san na yi ihu ba, su suka gaya mini.

Mun shirya masa wuri kamar yadda kika ce. Dattawa sun zaɓi gefen yayansa, ƙarƙashin ɗorawa. Ƙasa ta yi tauri yanzu, don haka samari suna zuba ruwa da safe su haƙa da yamma. Sun kusa gamawa. Ki gaya mana ranar, domin mu sanar da dangi na Mahuta da na Kanya. Ki gaya mini kuma, ya sha wahala? Da kika gan shi, fuskarsa tana nan yadda za a iya buɗe wa mutane?

Akwai abin da nake so ki sani, tun da ke 'yar Binuwai ce, ba ki taɓa yin Kirsimeti a nan ba. Iyayenmu da suka fara bin Yesu ba su da littafin waƙa da yarenmu. Sai kowane gida ya ɗauki abin da yake da shi, wani waƙar noma, wani ta niƙa, ya juya ta ta zama ta haihuwar Almasihu. Kakar mijinki ta ɗauki waƙar reno. Da Hausa ba ta da daɗi, amma ga abin da take cewa:

Yi shiru ɗana, masu takalma suna bakin zana.
Na ce musu ɗan akuya ne ya yi kuka.
Yi shiru, Yusufu yana ɗaure wa jaki kaya.
In gari ya waye, Masar ba nisa.

Wannan ce za a fasa wa ƙwarya ranar Kirsimeti, domin babu sauran jinin gidan da zai ɗaga ta. Na je na durƙusa wa Mama Magdalene na ce akwai jinin gidan a cikinki, ta jira ya girma. Ta yi kuka, tsohuwar nan, ta ce, "Saloma, da hannun nan na fasa ta gidan su Adama, uwarsu tana kallona. In na jira naku, me zan ce mata a gaban Ubangiji?" Na tashi na dawo gida.

Tsoro nake ji, Theresa. Ba na kabari ba, wannan na saba. Tsoron safiyar nan nake ji, da za a kira sunan gidanmu a yi shiru. Muddin ina yin waƙar nan a kan dutsen niƙa, ina jin muryar Mika a ƙarƙashin tawa. Bayan ranar ba ni da izini. Ɗanki zai girma bai taɓa jin abin da aka rene ubansa da shi ba.

Ki yafe mini, na ɗora miki nawa a kan naki.

Yayarki,
Saloma

*

Asibitin sojoji, Kaduna
12 ga Disamba, 2005

Matarmu,

Ni ne. Ki duba rubutun, kin san babu mai yin "g" mummuna irin tawa. Ina da rai. A gaya wa samarin nan su ajiye diga.

Theresa ta shigo ɗakin da nake da takardarki tana kuka tana cewa, "Na kashe ka, na kashe ka." Sai da na karanta na gane. Hausar bariki ta iya, ba ta san abin da "kawo" yake nufi a Bayan Dutse ba. Wurin da ta ce ku shirya, ɗaki take nufi, da katifa. Na so in yi dariya, abin ya gagara, har ma'aikaciyar jinya ta yi mini faɗa.

Ga gaskiyar magana. Ƙarfe ya same ni a muƙamuƙi da cinya. An daɗe ana jinyata a can kafin a maido ni nan, ban san inda kaina yake ba, shi ya sa kika ji shiru. Takardarki ta Oktoba ma sai a nan na gan ta. Ƙafar tana warkewa, ina dogara sanda. Amma likitoci sun ɗaure haƙorana na sama da na ƙasa da waya, sun ce ba za a kwance ba sai wajen Fabrairu. Koko nake zuƙa da 'yar roba. Magana sai a takarda. Ko sunana ba na iya faɗa.

Don haka kawo ni ɗin za a yi, wani abokina zai sa ni a mota jajibirin Kirsimeti. Amma waƙa, Yaya, ba zan iya ba. Na gwada a banɗaki inda ba kowa. Kalma ɗaya ba ta fita, sai miyau. Na yi miki alkawari na kasa. Tun da aka harbe ni ban yi kuka ba sai ranar.

Roƙo ɗaya nake yi. Ki ce da Mama Magdalene, in lokacin ya yi, ta ba ni ƙwaryar in fasa da hannuna. Kada wani ya yi.

Ɗanjuma

*

Bayan Dutse, Zuru
28 ga Disamba, 2005

Ƙanwata Theresa,

Barka da sauka, barka da arziki! Abokin Ɗanjuma ya ba mu labari tun bai kashe mota ba, ya ce mace ce, mai gashi. Yaya jikinki? Ki riƙa shan kunun kanwa da zafinsa, kada ki bi ta 'yan bariki masu shayi. Mijinki yana lafiya. Ya rame, amma ina dama masa kunun gyaɗa, ina tacewa sosai don ya bi ta robar.

Kada ki ƙara neman gafara a kan takardar nan. Ni ma da na tambaya kafin in yi ihu, da ba a wahalar da samari ba. Da Ɗanjuma ya iso, mata suka tsaya nesa suna leƙe, ba mai son fara taɓa shi. Shi kuwa ya dogara sandarsa har gindin ɗorawa. Ya daɗe a kan kabarin yayansa. Sannan ya leƙa nasa ramin, ya ciro takarda ya rubuta, "Ya yi mini gajere." Fasto ya karanta da ƙarfi, aka yi dariya, aka yi kuka, sannan aka rungume shi. An mai da ƙasar, za mu dasa mangwaro a wurin in ruwa ya sauka.

Yanzu bari in gaya miki na ranar Kirsimeti, domin shi ba zai iya ba tukuna.

Na tashi da safe. Na ɗauki ƙwaryar na rufe ta da zane kamar mai kai gawa. A ƙofar majami'a jama'a sun cika, har da baƙi daga Zuru. Mama Magdalene ta fara kira. Gida ya ɗaga, a kama, a yi guɗa, a wuce na gaba. Ni ban ji ko ɗaya ba. Ɗanjuma yana zaune a kan benci kusa da ni, kansa a ƙasa, ya sa wani dutse a gefen ƙafarsa wanda zai yi aikin da shi.

Sai ta kira gidanmu.

Aka yi tsit. Har kukan akuyar wani na ji daga bayan dutse. Ta sake kira, ta ce, "Akwai jinin gidan nan da zai ɗaga?" Na miƙa wa Ɗanjuma ƙwaryar, ban dube shi ba. Ya karɓa ya ɗora a cinya. Na rufe ido ina jiran ƙarar.

Abin da na ji ba ƙarar fashewa ba ce. Wani gunji ne ƙasa ƙasa, kamar na mai ciwo. Na ɗauka muƙamuƙin ne ya motsa masa. Na buɗe ido, na ga ya rungume ƙwaryar a ƙirji yana jijjiga ta, yana gaba yana baya, sautin yana fita ta hancinsa. Theresa, farkon waƙar ne. Wurin da Maryamu take lallashin jariri ba ta isa ta buɗe baki ba, domin sojoji suna bakin zana. Shi kansa daga baya ya rubuta mini cewa bai shirya ba, sallama kawai ya so ya yi da ita kafin ya fasa.

Wani dattijo daga baya ya ce, "Wannan ai ba ɗagawa ba ce, bai ce komai ba."

Mama Magdalene ta juya ta dube shi. Ta ce, "Kai, tun kana yawo ba wando ake yin waƙar nan. Yaushe ka taɓa jin an fara ta da magana?" Sannan ta daka mini tsawa, "Saloma, an ɗaga! Me kike jira?"

Ban taɓa ba da waƙa a gaban mutane ba, amshi kawai na sani yi a bayan Mika. Na buɗe baki ban san ko wani abu zai fito ba. Ya fito. Da na kai wurin jaki, inda ta taɓa ɓace mini, sai na ji tsoro ya kama ni, na yi shiru. Ɗanjuma ya buga ƙwaryar da tafin hannu, ya ja sautin wurin ta hanci, maganar ta faɗo mini a baki. Mata suka kama. Har yaran ƙungiyar mawaƙa na gani suna motsa leɓe. Uwar su Adama ce ta fara guɗa, ita da aka fasa tasu. Wannan ya fi komai sa ni kuka.

Da aka tashi Mama Magdalene ta zo ta kama leɓen mijinki da yatsu biyu, a hankali saboda wayar, ta ce, "Yau dai ba ka yi gaggawa ba, sojan Hiridus."

Ƙwaryar tana rataye a ɗakina. Tsoron bai tafi duka ba, domin in ya warke za su sake kiransa aiki, kuma Kirsimeti yana zuwa kowace shekara. Shi ya sa nake so yarinyar nan ta fara ji tun yanzu. Farkon ba ya bukatar yare, da baki rufe ake yi. In ubanta ya koma ki ce ya koya miki, ki riƙa yi mata in tana kuka. Sauran ni zan koya mata da kaina.

In kun yi arba'in ku zo ku daɗe. Na share ɗaki, na sa katifa, wannan karon na gane. In za ki rubuto mini ranar, ki ce kuna zuwa. Kada ki ce za a kawo ta.

Yayarki,
Saloma